Darasi na Goma Sha Huɗu: Ziyara Zuwa Jubail, Tsohon Birnin Finikawa

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so ka iya:

1. faɗar inda birnin Jubail yake da abin da ya shahara da shi;
2. bayyana dangantakar birnin da haruffan boko da na ajami;
3. amfani da sababbin kalmomin darasin a cikin jimloli;
4. gina sunayen al'ummomi da ɗafa-goshin *Ba-* da ɗafa-ƙeyar *-awa*.

Shimfiɗa

Ya kai ɗalibi, rubuta babban harafin A a takarda, sa'an nan ka juya takardar, sama ta koma ƙasa. Idan ka lura da kyau, za ka ga kan sa da ƙahoninsa biyu. Ba banza ba ne ya yi kama da haka. A can asali hoton kan sa ne, kuma sunan harafin a harshen mutanen da suka yaɗa shi yana nufin "sa". Waɗannan mutane su ne Finikawa, fatake kuma matuƙa jiragen ruwa, waɗanda suka zauna a gabashin Bahar Rum shekaru dubbai da suka wuce. Manyan biranensu su ne Sur da Saida da Arwad da Jubail. Hausawa suna cewa tafiya mabuɗin ilimi. Saboda haka a wannan darasi za mu raka ka zuwa Jubail, ka ga abin da ya rage na birnin, ka kuma ga abin da ya bar maka gado.

Hanyar zuwa

Jubail yana ƙasar Labanon, kimanin kilomita 40 arewa da Bairut, babban birnin ƙasar. Idan ka sauka daga jirgin sama a Bairut, sai ka shiga mota ka bi babbar hanyar da ta nufi arewa. Teku tana hagunka, duwatsu masu tsawo suna damanka, tsakaninsu kuwa ƙasar siririya ce ƙwarai. Ka riƙe wannan a ranka, domin shi ne ya sa Finikawa suka zama mutanen teku. Filin noma bai ishe su ba, amma suna da itatuwa a kan duwatsu, ga kuma ruwa a gabansu.

Kafin ka yi nisa za ka ƙetare wani ƙaramin kogi mai suna Nahar al-Kalb, wato Kogin Kare. A jikin duwatsun da ke bakinsa akwai rubuce-rubuce fiye da 20 da sarakuna da mayaƙa suka bari. Akwai na Fir'auna Ramsis na Biyu na Masar, da na Nebukadnezzar na Biyu na Babila, har da na sojojin Faransa na ƙarni na 19. Kowane mai ƙarfi da ya bi ta wannan hanya ya so a san ya wuce, kuma bai sami abin da ya fi rubutu daɗewa ba.

Birni ɗaya, sunaye da yawa

Mazauna birnin a yau suna kiransa Jubail. Finikawa sun kira shi Gubla ko Gebal. Girkawa kuwa Biblos suke ce masa. A zamanin da, Masar ce take yin takarda da wata doguwar ciyawa mai tsirowa a bakin Kogin Nilu, wadda Larabawa suke kira bardi. Ana kawo takardar wannan birni, daga nan fatake su wuce da ita ƙasar Girka. A harshen Girkawa sunan birnin da sunan takardar kalma ɗaya ce, kuma daga gare ta suka sami kalmarsu ta "littafi". Daga wannan tushe ne kalmar Baibul ta fito.

Mutane sun fi shekara 7000 suna zaune a wannan wuri. Masunta ne suka fara kafa bukkoki a kan tudun da ke kallon teku. Daga baya ƙauyen ya zama birni mai ganuwa. Masarawa da Assuriyawa da Farisawa da Girkawa da Rumawa da Larabawa da Turkawa duk sun yi iko da shi, kowa da zamaninsa, amma ba a taɓa barinsa ya zama kufai ba. A shekarar 1984 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin wuraren tarihi na duniya.

A bakin tashar jiragen ruwa

Fara ziyararka daga tashar jiragen ruwa. Kada ka yi tsammanin za ka ga babbar tasha irin ta Apapa. Ƙarama ce, za ka iya zagaya bakinta da ƙafa cikin 'yan mintoci. Ƙananan jiragen masunta ne suke tsayawa a cikinta, a gefe kuma ga gidajen abinci inda ake gasa kifi. Masu bincike suna ganin babbar tashar zamanin da tana kudu da tudun birnin, amma yashi da laka sun cike ta tuntuni.

Babbar hajar Jubail ita ce katakon al'ul. Al'ul itace ne mai tsawo da ƙamshi, wanda ba ya saurin ruɓewa, kuma shi ne wanda ake gani a tutar Labanon. Masar ba ta da dogayen itatuwa irinsa, ga shi kuwa tana bukatarsu domin ƙera jiragen ruwa da rufin ɗakunan bauta da akwatunan gawa. Wani tsohon rubutun dutse na Masar ya ambaci jirage 40 cike da katako da suka iso a zamanin Fir'auna Sinefaru, wajen shekarar 2600 kafin Miladiyya. A shekarar 1954 kuma aka tono wani jirgin ruwa a gindin babbar dalar Giza. Tsawonsa ya kai mita 43, kuma yawancin katakonsa al'ul ne na Labanon. A madadin katako, Jubail yana karɓar zinariya da lilin da takarda.

Wannan ciniki ya kawo arziki, amma dazuzzukan sun sha sara tsawon ƙarnoni, har suka ragu ƙwarai. Abin da ya rage a yau 'yan kurmi ne a kan duwatsu masu nisa, waɗanda ake gadinsu da doka.

Daga saman sansani

Daga tasha sai ka hau zuwa filin kayan tarihi. Ginin da zai fara tare maka ido shi ne sansanin dutse da mayaƙan Turai, waɗanda ake kira 'yan Salibiyya, suka gina a ƙarni na 12. Dubi bangonsa da kyau. Za ka ga guntayen ginshiƙan Rumawa an cusa su a tsakanin duwatsu, domin magina sun ɗebi kayan aikinsu daga gine-ginen da suka tarar. Haka birnin yake gaba ɗayansa: kowace al'umma ta yi gini a kan na wadda ta gabace ta.

Hau matakala har saman sansanin. Daga can za ka hangi filin duka. Ga tsofaffin ganuwoyi, ga harsashin ɗakin bautar allahiyar birnin, Ba'alat Gebal, wanda aka fara ginawa kusan shekara 5000 da suka wuce. Ga wani ɗakin bauta mai tsayayyun duwatsu masu tsini, inda aka tono ɗaruruwan 'yan gumakan tagulla, wasunsu an lulluɓe su da zinariya. Ga wani rami mai zurfi da ake kira Rijiyar Sarki, wanda birnin ya daɗe yana shan ruwansa. Kusa da teku kuma akwai ɗan dandalin wasan kwaikwayo na Rumawa. A can ƙarshen tudun za ka ga gida guda ɗaya mai jan rufi yana tsaye shi kaɗai. Shi aka bari daga cikin gidajen da suke wurin kafin a fara tono.

Yawancin waɗannan abubuwa a binne suke har zuwa ƙarnin da ya wuce. Wani masani Bafaranshe mai suna Ernest Renan ya yi bincike a nan a 1860. Pierre Montet ya yi tono daga 1921 zuwa 1924, sa'an nan Maurice Dunand ya karɓa, ya shafe shekaru masu yawa yana aikin.

Sarakuna da wasiƙunsu

Sarakunan Jubail sun san darajar rubutu tun da wuri. A ƙarni na 14 kafin Miladiyya, wani sarkin birnin mai suna Rib-Hadda ya aika wa Fir'auna wasiƙu kusan 60. An same su a kufan Amarna da ke Masar. A cikinsu yana kukan cewa abokan gaba sun kewaye shi, yana roƙon a aiko masa da sojoji da hatsi. Taimakon da yake jira bai zo ba, daga ƙarshe ma aka kore shi daga birninsa. Ba don wasiƙun ba, da babu wanda ya san damuwarsa a yau.

Sai dai rubutun da aka yi waɗannan wasiƙu da shi mai wuya ne. A kan allunan yumɓu ake yinsa, da alamomi ɗaruruwa masu kama da kan ƙusa. Rubutun Masar ma alamominsa ɗaruruwa ne. Mutum yakan yi shekaru yana koyo kafin ya ƙware, saboda haka rubutu ya zama sana'ar 'yan tsirarun magatakarda da ke fada da ɗakunan bauta.

Akwatin Sarki Ahiram

A shekarar 1922 aka yi ruwan sama mai yawa a Jubail, har wani gefe na tudun ya zabtare. Da mutane suka duba, sai suka ga kabarin wani sarki ya bayyana. Da aka ci gaba da tono, aka gano maƙabartar sarakuna mai kaburbura tara, kowanne rami ne mai zurfi da aka sassaƙa a cikin dutse. Har yanzu za ka iya tsayawa a bakinsu ka leƙa.

A 1923 Montet ya samo akwatin gawa na dutse a ɗaya daga cikin kaburburan. An sassaƙa zakoki huɗu a ƙarƙashinsa, a jikinsa kuma ga hoton sarki a kan karaga da mata masu makoki. A murfinsa akwai ɗan gajeren rubutu. Rubutun ya bayyana cewa ɗan Sarki Ahiram ne ya yi wa mahaifinsa akwatin, sa'an nan ya la'anci duk sarki ko hakimi ko shugaban yaƙi da zai buɗe shi. Yawancin masana suna ganin an yi rubutun wajen shekarar 1000 kafin Miladiyya. Yana cikin mafi daɗewar dogayen rubuce-rubucen da aka samu da haruffan Finikawa.

Haruffan nan 22 ne kacal. Kowanne yana wakiltar sauti ɗaya, ana kuma rubuta su daga dama zuwa hagu. Duka baƙaƙe ne, babu wasali, kamar matakin babbaƙu a makarantar allo, inda yaro yake koyon baƙaƙe kafin ya shiga farfaru. Ba Finikawa ne suka fara wannan dabara ba. An sami wasu rubuce-rubuce da suka girmi nasu a yankin Sina'i da Masar. Abin da suka yi shi ne daidaita haruffan da yaɗa su. Falke yana bukatar ya rubuta bashi da lissafin kaya da sunan mai kaya, kuma ba shi da shekarun da zai ɓata yana koyon alamomi ɗaruruwa. Haruffa 22 kuwa ana iya koyonsu cikin ɗan lokaci. Duk inda jiragen Finikawa suka tsaya, daga tsibirin Kubrus zuwa Kartaj da ke Tunisiya ta yau, har zuwa gaɓar Sifen, haruffan sun sauka tare da kaya.

Yadda haruffan suka iso gare ka

Haruffan sun bi hanyoyi biyu. Ta yamma, Girkawa suka karɓe su wajen ƙarni na 8 kafin Miladiyya. Da suka ga akwai baƙaƙen da harshensu ba ya bukata, sai suka mai da su wasula. Daga Girkawa haruffan suka shiga ƙasar Italiya, Rumawa suka gyara su, Turawa suka gaje su. Su ne haruffan boko. Ta gabas kuwa, Aramiyawa suka karɓa, daga rubutunsu na Nabatawa ya fito, daga shi kuma rubutun Larabci. Da haruffan Larabci ne Hausawa suke rubuta ajami. Ashe boko da ajami 'yan kaka ɗaya ne, sun rabu a bakin Bahar Rum, suka sake haɗuwa a ƙasar Hausa.

Har yanzu akwai alamun wannan zumunta. Harafin Finikawa na farko sunansa alef, wato sa. Girkawa suka ce alfa, Larabawa suka ce alif. Na biyu sunansa bet, wato gida. Da Larabci ma gida baiti ne, kuma daga nan Hausa ta aro kalmar baiti ta waƙa. Harafin M ya fito daga mem, wato ruwa, shi ya sa yake kama da igiyar ruwa. Harafin O kuwa daga ayin ya fito, wato ido.

Kowace al'umma da ta karɓi haruffan ta gyara su daidai da bakinta. Hausa ta ƙara lanƙwasa, ta sami ɓ da ɗ da ƙ. Yarabanci da harshen Ibo suna sa ɗigo a ƙarƙashin wasu haruffa. Saboda haka idan malami ya ce ka bambanta *baki* da *baƙi*, ko *dauka* da *ɗauka*, aikin da aka fara shekara 3000 da suka wuce ne kake ci gaba da shi.

Idan kana son ganin akwatin Ahiram da idonka, sai ka koma Bairut, domin yana gidan adana kayan tarihi na ƙasa. Saura kaɗan a rasa shi. A lokacin yaƙin basasar Labanon, daga 1975 zuwa 1990, ginin gidan ya kasance a kan layin da ya raba ɓangarorin da ke faɗa. Shugabansa, Maurice Chehab, ya sa aka kewaye manyan kayan da kankare, ciki har da wannan akwati. Bayan yaƙi aka fasa kankaren, aka tarar da shi lafiya.

Cikin gari

Kafin ka bar Jubail, shiga tsohuwar kasuwa mai hanyoyi da aka shimfiɗe da duwatsu. Za ka ga kayan saƙa da sabulu da littattafai, da kifayen da suka zama dutse, waɗanda ake haƙowa a ƙauyukan da ke kan duwatsu kusa da birnin. A nan kusa akwai Majami'ar Yahaya Markus, wadda aka fara ginawa a 1115, akwai kuma Masallacin Sultan Abdul Majid. Tafiyar 'yan mintoci ce tsakaninsu. Larabci ne harshen mutanen gari, amma da yawansu suna jin Faransanci da Ingilishi. Kada ka yi mamaki idan wani ya ji daga Nijeriya kake ya ce yana da dangi a Kano ko Legas, domin 'yan kasuwar Labanon sun fi shekara 100 suna zaune a ƙasarmu.

Yanayin can ya saɓa wa namu: da sanyi ake ruwan sama, lokacin zafi kuwa babu ruwa. Watannin Afrilu da Mayu da Oktoba sun fi daɗin yawo. Matafiyi mai hankali yakan bincika halin tsaron ƙasa kafin ya tashi. In ka isa, kada ka ɗauki ko da ɗan tsakuwa daga filin tarihi, kada ka yi rubutu a bango, ka kuma nemi izini kafin ka ɗauki hoton mutum.

Sababbin kalmomi

- *falke* (jam'i: *fatake*): mai tafiya nesa domin ciniki.
- *haja*: kayan sayarwa.
- *kufai*: wurin da mutane suka tashi suka bari.
- *ganuwa*: bangon da ya kewaye birni.
- *harsashi*: gindin gini da ke cikin ƙasa.
- *ginshiƙi*: tsayayyen dutse ko itace da ke riƙe rufi.
- *magatakarda*: mai rubuta wa sarki wasiƙu.
- *zabtare*: rushewar gefen ƙasa ko bango.
- *kafin Miladiyya*: kafin shekarar da ake fara ƙirgen kalandar Turawa da ita.

Nahawu: sunayen al'ummomi

Ana sa *Ba-* a farkon kalma domin nuna mutum ɗaya, ana sa *-awa* a ƙarshe domin jam'i:

- Balarabe, Balarabiya, Larabawa
- Bature, Baturiya, Turawa
- Bahaushe, Bahaushiya, Hausawa
- Bayarabe, Bayarabiya, Yarabawa

Ka lura cewa *Ba-* yana faɗuwa a jam'i. Ba a cewa "Balarabawa". Nemo wasu sunayen al'ummomi guda biyar a cikin karatun.

Auna fahimta

1. A wace ƙasa Jubail yake, kuma mene ne nisansa daga Bairut?
2. Me ya sa Finikawa suka dogara da teku?
3. Me ya sa Masar take sayen katakon al'ul?
4. Wane abu ne ya faru a 1922?
5. Haruffan Finikawa nawa ne, kuma me ya bambanta su da rubutun wasiƙun Rib-Hadda?
6. Bayyana hanyoyi biyu da haruffan suka bi har suka zama boko da ajami.
7. Yaya aka yi akwatin Ahiram ya tsira a lokacin yaƙi?

Jinga

(a) Yi amfani da kowace kalma a cikin jimla: *haja, kufai, ganuwa, ginshiƙi, falke*.

(b) Mene ne ma'anar karin maganar "gani ya kori ji"? Kawo misali daga wata tafiya da ka taɓa yi.

(c) Zaɓi wani wurin tarihi a jiharku, kamar tsohuwar ganuwa ko fada ko kasuwa. Tambayi wani dattijo labarinsa, sa'an nan ka rubuta jimloli 15 da Hausa, kana yi wa baƙo jagora a wurin. Ka tabbata ka sa lanƙwasa a duk inda ta dace.